Ganyen Gyaɗa a Kan Gilashi

Garin da aka kai ni a ƙasar Sin, har na baro shi ban iya faɗin sunansa daidai ba. Abin da na sani shi ne daga Guwanzu mun shiga mota da hantsi, ba mu sauka ba sai da la'asar ta yi sakaliya, kuma duk tsawon hanyar ban ga gonar da zan ce ga mai ita ba. Ni kuwa mutumin wani ƙauye ne tsakanin Makoda da Kunci, inda in ka tsaya a bakin kunyarka kana jin tarin maƙwabcinka a tasa gonar, ko jaki ne ya gifta ka san na gidan wane ne.

Sunana Sabi'u, sana'ata zanen hula. Da damina ina noma kamar kowa, da rani kuma in shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako in zana shi da biro, matan unguwarmu su bi layin da allura. A wurin mahaifiyata na koya. Inna ce ta ƙirƙiro zanen da aka san unguwarmu da shi, wanda muke kira ganyen gyaɗa: ganye huɗu a buɗe a layin sama, a layin ƙasa kuma sun rufe kamar yadda gyaɗa ke yi in rana ta faɗi. Sirrinsa a tafiyar biron yake. Layi ɗaya ne tak, ba a ɗaga hannu, ya zagaye hular ya dawo inda ya faro. In an gama ɗinki zare ya rufe hanyar, don haka duk wanda ya sayi hula ya kwaikwaya, abin da yake samu ya fi kama da sawun kaza. Saboda wannan zanen masu saro hula suke tasowa daga Bici har ƙofar gidanmu, kuma da shi gidaje da yawa a unguwar suke ɗora tukunya in hatsin rumbu ya yi ƙasa.

Alhaji Ubale ɗan kasuwa ne daga birni, cikin masu saron hulunanmu. Shi ya zauna a zaurenmu ya yi mini romon baka, ya ce yana da hannu a wata masana'anta a Sin, injina ne ke ɗinki, mai zane kawai suka rasa. Zan koyi aikin zamani, in dawo in zama wani abu. A lokacin idon Inna ya riga ya yi rauni, da yatsa take duba ɗinki. Da na shiga na gaya mata, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

Ta ce, "Je ka, ba zan tare maka hanya ba. Duk abin da suka ce ka zana, zana musu. Ban da ganyen gyaɗa. Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne ni kaɗai."

Na ce, "Haba Inna, ai ko ba ki faɗa ba."

"Na dai faɗa."

Wanda ya tarbe ni a can sunansa Nuhu, tafintan Alhaji. Bakano ne, ya daɗe a ƙasar har yana musu da masu tasi da yarensu. Da na ji Hausa a bakinsa kamar in rungume shi. Tun a cikin mota ya miƙo hannu ya ce in kawo fasfo ya adana mini, wai baƙi suna yawan yar da shi, kuma shi zai riƙa kai shi ana sabunta biza. Na ba shi har da godiya. Sai daga baya na gane cewa wanda ba shi da fasfo a aljihu a ƙasar nan, iyakar yawonsa bakin titi, don ko'ina ana iya tare ka a ce fito da shi.

Masana'antar wani dogon gini ce, ƙasa injina, sama ɗakunan kwana. Injinan suna jere, kowanne da allurai rututu, suna sukar ƙyalle da ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ranar farko na tsaya na ga hula ta fito ɗinkakkiya kafin shayin hannuna ya huce. Na tuna Yaya Hansai, yayata, da take kwashe makonni a kan guda ɗaya har wuyanta ya ƙage. Ban ji daɗi ba, amma na ce wa kaina ai kasuwar kowa daban.

Aka kai ni wani ɗan ɗaki, Nuhu ya ajiye mini wani allo na gilashi, faɗinsa kamar faifai, da alƙalami marar tawada.

Ya ce, "Malam Sabi'u, ga gonarka. Hannun dama alƙalami, shi ke zane. Hannun hagu yatsu, su ke tura takardar. In kana son ta yi girma ka buɗa yatsa biyu, in kana son ta juya ka murɗa. In ka yi kuskure ga magogi nan a gefe, ka taɓa shi da alƙalami. Shi ke nan, ko yaro zai iya."

Yaro ƙila ya iya, amma ba yaron da ya tashi da fartanya ba. Alƙalamin bai ba ni wahala ba, santsinsa kawai na saba da shi. Yatsun hagu ne gilashin ya ƙi sani. In ɗora, in buɗa, in danna har farcena ya yi fari, takarda tana nan inda take kamar jakin da ya ga rijiya. Nuhu ya kama hannuna ya juya, ya ga kantar da noma ya bar mini, ya fashe da dariya.

"Ai dole. Wannan ba yatsa ba ne, kofato ne. Na'urar fata take ji."

Abin haushin kuma, yatsan da ba na so ya ji, shi yake ji. Tun ina yaro in zan yi zane nakan kafa ɗan ƙaramin yatsana na dama a kan ƙyalle in jingina da shi. Yakan shafo tawadar biro ya bar wani ɗan guntun layi a ƙarƙashin zanen. Inna ta yi faɗa har ta gaji, takan ce, "Ga sawun akuyarka nan kuma, ɗaga yatsan nan." Shi wannan yatsan bai taɓa yin kanta ba, don haka duk inda ya sauka a gilashin sai ya bar guntun layinsa. Wani lokacin ma in hannun hagu ya yi sa'ar taɓawa, sai in ga layin da na ja yanzun nan ya ɓace. Na tambayi Nuhu, ya ce hannuna ne ba shi da kyau, in rage taɓe-taɓe. Na koma jin tsoron gilashin kamar wuta.

Abinci ma ya zama nasa yaƙin. Ba na cin abin da ban san yankansa ba, sai na koma farar shinkafa da dafaffen ƙwai, safe da rana. Akwai wani shagon taliya na Musulmin ƙasar a ƙarshen titinmu, masu fararen huluna. In na yi ta maza na je, mai shagon ya amsa sallamata da kyau, daga nan kuma magana ta ƙare, sai murmushi. Nakan zauna ina jan taliya da tsinke ina tunanin tuwon dawa da miyar kuka, da daddawar da Inna take ajiyewa a cikin gwangwani a bayan randa. Na rame har wandona yana neman sauka.

A ƙasa, wurin injina, akwai wata tsohuwa mai yanke zaren da ya yi saura a jikin huluna. Ban san sunanta ba, a raina nake kiranta Iya Mai Almakashi. Ita ke kawo ruwan zafi sama. Wata rana ta same ni ina ta dannar gilashi ina tsaki, ta tsaya ta kalle ni, ta kama hannuna ba ko neman izini, ta shafa kantar da babban yatsanta, ta girgiza kai. Ta nuna mini nata tafin. Ashe ita ma manomiya ce a da, irin kantar ce a gindin yatsunta. Washegari ta zo da wani ɗan dutse mai kaushi da man shafawa, ta nuna mini in jiƙa hannu a ruwan ɗumi in goge. Ta kuma yanko tsohuwar safa ta ɗinka mini wata 'yar riga da ke rufe ƙaramin yatsa da gefen hannu, don gilashi ya daina jin su. Da allura ta ɗinka, da hannu, a cikin gidan da injina suka cika. Na ce mata na gode da Hausa, ta amsa da nata yaren, kuma na tabbata mun fahimci juna.

Na yi ta gurzar hannuna safe da yamma. Kantar da na tara tun ina bin Baba gona kafin ya rasu, na bi ta na kankare da kaina. A hankali gilashin ya fara sanina. In buɗa yatsu, zane ya taso har in ga cikin kowane lungu. In murɗa, ya juyo mini inda nake so ba tare da na karkata wuya ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya shiga raina. Dama na ja, hagu na juyawa, kamar mai tuƙa tuwo da mai riƙe tukunya. Na zana musu zanuka masu yawa, na kaina da na gargajiya da kowa ya sani, duk a kan shimfiɗa ɗaya mai faɗi kamar yadda Nuhu ya ce in yi.

Laushin hannun ne kuma ya jawo mini masifa ta farko. Duk mai zanen hula, kafin ya sa biro, sai ya shafa ƙyalle da yatsu ya kwantar da shi, dama da hagu, don kada ya tattare. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yin abinsa. Da can ina yi a gilashin bai ji ba. Ran nan na ɗaga alƙalami zan fara sabon layi, yatsuna uku na hagu suka shafa gilashin, shaf shaf. Sai na ga fari fat. Aikin makonni ya tafi gaba ɗaya.

Na ƙwala wa Nuhu kira. Ya shigo, ya duba, ya fizge allon daga hannuna.

"Me ka yi?"

"Shafawa kawai na yi."

"Da yatsa uku? Ai ka kashe mu. Yatsa uku wankewa ne. Ya tafi, ba ya dawowa."

Ya fita da allon yana faɗa, bai dawo da shi ba sai washegari, fari tas. Ya ce Alhaji ya yi fushi a waya, an soke maganar komawata gida kafin shuka, sai na biya aikin da na ɓata da sababbin zanuka. Ban yi musu ba. Na san allo: in ka wanke shi, rubutu ya bi ruwa. Me zai sa na gilashi ya bambanta? Na zauna na sake farawa, na ɗaure hannun hagu a ƙarƙashin tebur sai in ina bukatarsa.

Bayan wannan ne maganar gaskiya ta fito. Alhaji Ubale ya zo da kansa, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini lemo. Ya zaro wata hula daga jaka ya ajiye a gabana. Ɗinkin Yaya Hansai ne, ko a duhu zan gane shi.

"Sabi'u, duk waɗannan da kake zanawa muna da irinsu. Wannan nake so. Mun gwada ɗaukar hotonsa mu ba injin, abin ya fito kamar an taka. Hanyar layin muke bukata."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Inna ta hana."

"Inna tana Makoda, kai kana nan. Ita fa taimakonta za a yi, sunan zanenta zai shiga duniya."

"Matan unguwarmu fa, Alhaji? In injin ya zubo shi a Bici, wa zai zo ƙofarmu?"

Ya yi murmushi, ya mayar da hular jaka. "Ka yi tunani. Ba sauri muke ba. Fasfonka ma yana wurin sabuntawa, ka san aikin hukuma."

Daga ranar na san matsayina. Ba duka, ba zagi, ba a kulle ƙofa ba. Kawai duk lokacin da na tambayi fasfo sai Nuhu ya ce, "Ganyen gyaɗa fa?" Na daina zuwa shagon taliya don kada a tare ni a hanya. Nakan tsaya a taga ina kallon hayaƙin masana'antu, ina lissafin abin da ake yi a gida: yanzu an gama kai taki, yanzu ana sharar gona, yanzu kowa ya ɗaga kai yana duban gabas. Gonata kuwa ƙanin Baba na bar wa, shi ma ƙafa ta fara ba shi matsala. Na yi kuka ba sau ɗaya ba, kuma ban ji kunyar kowa ba tunda ba mai ganina.

Ranar Lahadi ba a aiki, injina sukan yi shiru. Wata Lahadi bayan azahar saƙon murya ya shigo daga Yaya Hansai. Ta ce an yi ruwa mai kyau, gyaɗa ta fito a gonar bayan gida. A bayan muryarta ina jin zakara, ina jin ana daka, sai kuma na ji Inna daga nesa tana cewa, "Ki tambaye shi yana cin abinci kuwa?" Na saurara har batirin waya ya yi ja.

Ban san lokacin da na jawo allon ba. Rigar yatsan da Iya ta ɗinka mini na wanke ta da safe, tana rataye a taga ba ta bushe ba. Na buɗe sabuwar shimfiɗa, na sa alƙalami. Ba don kowa na yi ba, so nake in ga wani abu na gidanmu da idona. Hannuna ya kama hanya shi kaɗai: ganye na farko, a lanƙwasa, a shiga ta ƙarƙashi, a fito a na biyu. Hagu na juya takarda, dama na tafiya, ban ɗaga ba har layin ya zagayo ya haɗu da mafarinsa. Ƙaramin yatsana ya bar guntun layinsa a ƙarƙashin ganyen farko, na gan shi, na ma yi dariya, don sai na ji kamar Inna za ta yi magana. Ban taɓa zana shi da kyau irin na ranar ba. Na zauna ina kallonsa, hawaye na ɗiga a gwiwata.

"Ma sha Allah."

Nuhu ne a bayana. Ban ji shigowarsa ba. Ya miƙo hannu.

Wannan karon da gangan na yi. Na ɗora yatsu uku na shafa, dama da hagu, da ƙarfi. Gilashi ya koma fari.

Na ce, "Ya tafi. Kai ka ce ba ya dawowa."

Ya dube ni, ya dubi allon. Na zaci zai kai mini duka. Sai kawai ya ɗauke allon a hankali, da hannu biyu, kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da nono, ya ce, "Kai dai baƙauye ne, wallahi." Ya fita.

Ba a sake ba ni allon ba. Kafin mako ya zagayo Nuhu ya jefo mini fasfo da tikiti a kan gado, ya ce Alhaji ya gaji da taurin kaina, in tattara in tafi. Abin da aka sallame ni da shi bai kai a faɗa ba, amma ban damu ba. Na ji kamar na ci yaƙi. Na sauka na yi wa Iya sallama. Ta cusa mini dafaffen ƙwai a aljihu, ta riƙe hannuna tana shafa inda kantar take a da, tana wata magana a hankali, fuskarta ba walwala. Na ɗauka baƙin cikin rabuwa ne, ƙila kuma shi ɗin ne.

A jirgin dawowa aka zaunar da ni kusa da wata matashiya, baƙar fata, ban san 'yar wace ƙasa ba ce. Da muka daidaita a sama ta fito da allo irin nawa sak, da alƙalaminsa, ta shiga zana riguna. Ina satar kallo ina jin daɗi, har ina cewa a raina ta cika danna alƙalami. Can wani zane bai yi mata ba, ta sa yatsu uku ta shafe. Fari fat. Na ji tausayinta. Ta ɗan karkata kai, kamar ta sake shawara, sai ta ɗora yatsa biyu ta ɗan taɓa gilashin sau ɗaya, tap.

Rigar ta dawo, komai da komai.

Na taɓa hannun kujerarta, na nuna allon, na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na roƙe ta ta sake. Ta yi dariya, ta shafe, ta taɓa, ya dawo. Ta sake, ya dawo. Ta miƙo mini in gwada. Na sa yatsuna biyu, masu laushin nan da na gurza da dutse, na taɓa, ya dawo. Sai na tuna layukan da suke ɓace mini a farko: ashe baya na'urar take komawa taki ɗaya, ni ban sani ba. Na tuna aikin makonnin da aka ce na ɓata. Na tuna yadda Nuhu ya ɗauki allon da hannu biyu, yana tsoron kada wani abu ya taɓa shi. Aka kawo abinci ban iya ci ba, ƙwan Iya ma a aljihuna ya iso Kano.

Na isa gida ana tsakiyar noma na biyu. Daga Bici na hau ƙaramar bas, daga bakin titi ɗan acaba ya shiga da ni ta cikin gonaki, gero ya kai ƙugu, kowa ya ɗago daga kunya yana ɗaga mini hannu. Bayan an watse da 'yan sannu da zuwa, na zauna a gaban Inna na gaya mata komai, ban rage ba, har abin da na gani a jirgi.

Ta ce, "Ka dai goge?"

"Na goge, Inna. Amma na ga ana dawo da shi."

"Kai dai da tsoro. Abin da aka wanke ya wanku. Waccan yarinyar wani abu dai ta yi maka na 'yan birni. Tashi ka ci tuwo."

Na so in yarda da ita, har na fara yarda. Na koma gona, fartanya ta fasa mini tafi ranar farko kamar ɗan makaranta, samari suna tsokanata wai na dawo da hannun amarya. Aka cire gyaɗa, aka yanke gero, aka kai dawa rumbu. Mata suka ɗauko allura, ni na koma kan katakona. Shiru, ba labari.

Sai masu saro suka fara jinkiri. Wanda yake zuwa duk mako ya koma aiko da uzuri. Ranar wata kasuwar Bici, Yaya Hansai ta ba mijinta huluna ya kai da kansa, ya dawo da su cif, da ƙarin guda ɗaya a cikin leda mai ƙyalli. Ya ce irinta tuli guda ake zubarwa a bakin tasha, kowane launi, a farashin da ko zare ba zai saya mana ba.

Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika da mata, kowacce da ɗinkinta a hannu. Ina tsaye daga bakin zaure. Hular tana yawo daga hannu zuwa hannu, sai wata tsohuwa ta ce, "Ganyen gyaɗa ne, wallahi. Har rufewar." Wasu suka juyo suna dubana.

Inna ta ce, "Ku ba ni nan. Sun saba, ai ba yau suka fara saye suna kwaikwayo ba. Sawun kaza ne za ku gani."

Aka sa mata a hannu. Ta fara bi da yatsa daga ganyen farko. Ina kallon yatsan yana lanƙwasa, yana shiga ta ƙarƙashi, yana fita a na biyu, bai ɓata ko sau ɗaya ba. Sai ya sauko ƙasa kaɗan ya tsaya. Ya matsa ganye na gaba, ya sake tsayawa a daidai wurin. Masu injin ba su san guntun layin nan kuskure ba ne. Sun ɗauka cikin zanen yake, suka maimaita shi a ƙarƙashin kowane ganye, da zare mai kauri, har hular ta zagayo.

Inna ta kife hular a cinyarta.

Ta ce, "Kwaikwayo ne. Wani ya sayi tamu ya zauna ya warware zaren. Ba ruwan yaron nan, ku daina kallonsa. Ku je, Allah zai kawo wata hanyar."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ɗaga mini ɗinkinta in duba kamar yadda suka saba in za su wuce. Yaya Hansai ta shige ɗaki. Tsakar gida ta rage daga ni sai Inna da kaji.

"Sabi'u, zo."

Na durƙusa a gabanta. Ta lalubo hannuna na dama, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙaramin. Ta kama shi ta ɗora a kan guntun layin da ke jikin hular, ta danne da nata.

Ta ce, "Tun kana yaro nake ce maka ka ɗaga yatsan nan."

Ta sake ni, ta jawo kwandon ɗinkinta, ta ɗauko hular da ta kai rabi. Ta laluba ta sami allurar, ta riƙe ta. Na miƙa hannu in zura mata zare kamar kullum, ta ce in bari tukuna.